Sabuwar kwamfutar shagon Baffa: me ake fara ɗorawa, me ke biyo baya

Asabar, 10 ga Janairu, 2026

Haɗa ƙarfe ya kammala yau da la'asar. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 5 5600G ce, a kan madabod (babban faifan da ake haɗa dukkan sassa a kansa) mai cifset B550, da RAM sanda biyu na DDR4 kowace 8GB, da SSD ƙirar NVMe mai 512GB, sai hadis mai 1TB na ajiyar ayyuka. Ban sa an sayi katin hoto daban ba, domin wannan furosesar tana ɗauke da nata sashen hoto na Radeon a cikinta, kuma aikin shagon Baffa a Tudun Wadar Zariya bai wuce katin biki, kalanda, takardun jarrabawar makarantun Islamiyya, da furojet ɗin ɗaliban da ke zuwa daga Kongo da Gyallesu ba. Tsohuwar kwamfutar shagon har yau Windows 7 ce a kanta, wadda aka daina sabunta ta tun 14 ga Janairu, 2020. Ita ma Windows 10 wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025. Saboda haka babu wata muhawara, Windows 11 za a ɗora.

Iska ta bushe ƙwarai a wannan hunturun. Irin tartsatsin nan da mutum ke ji idan ya taɓa ƙofar mota, shi ma yana iya lalata RAM ko madabod ba tare da ido ya ga komai ba. Na sa ƙanena, wanda ke koyon aikin a hannuna, ya tuɓe rigar sanyinsa, kuma duk sanda zai ɗauki wani sashe sai ya fara dafa ƙarfen akwatin. Sandunan RAM mun soka su a rami na biyu da na huɗu idan an ƙirga daga wajen furosesa, yadda littafin madabod ya nuna. A haka ne suke aiki tare ta hanya biyu, kuma tunda sashen hoton daga RAM yake aron wurin aikinsa, abin ya shafe shi kai tsaye.

Da muka danna maɓalli fanka ta juya, tambarin madabod ya bayyana a allo. Baffa ya leƙo daga wajen injin yankan takarda ya ce, "To madalla. Sai a saka mini CorelDRAW, akwai katin ɗaurin aure da ke jira." Na ce, "Baffa, ku ci gaba da tsohuwar tukuna. CorelDRAW yana can kusa da ƙarshen layi." CorelDRAW ita ce manhajar da yake tsara aikin bugawa da ita. Bai ji daɗi ba, kuma yana da hujja: azumi saura wata guda da 'yan kwanaki, lokacin da masallatai da 'yan kasuwa ke kawo aikin jadawalin sahur da buɗa-baki. Kafin nan dole komai ya zauna.

Da yawa daga kwamfutocin da ake kawo mini gyara lafiyar ƙarfensu ƙalau. An dai lafta musu kaya ne a rana guda, manhaja kan manhaja, ta yadda in matsala ta taso babu mai iya cewa daga ina ta fito. Wannan karon mataki-mataki za mu bi, kowanne a gwada shi kafin a wuce.

Lahadi, 11 ga Janairu

Yau ban taɓa sabuwar kwamfutar ba. Aikin na tara kaya ne, a laftof ɗina, da datar dare mai araha. Filashi uku na tanada. Na farko mai 8GB na Windows 11 ne, na haɗa shi da Media Creation Tool na Microsoft, kuma duk abin da ke kan filashin gogewa yake yi, don haka a duba kafin a danna. Na biyu na MemTest86 ne, manhajar gwada lafiyar RAM. Na uku na goge shi a tsarin FAT32, na zuba fayil ɗin BIOS, wato manhajar da ke zaune a jikin madabod take tayar da kwamfuta kafin Windows, da direbobi.

Direba ƙaramar manhaja ce da ke sa Windows ta iya sarrafa wani sashe na ƙarfe: sauti, hoto, hanyar intanet, firinta. Na sauko da na cifset da na hoto daga shafin AMD, na LAN, wato ramin kebul ɗin intanet, da na sauti daga shafin kamfanin madabod. Kowace na ba ta folda mai lamba a gaban suna, 1, 2, 3, yadda ko ba na nan ƙanena zai san wadda ke gaba. Wannan filashin a shagon zai zauna. In an sake buƙatarsa wata rana, ba sai an sake ƙona data ba.

Litinin, 12 ga Janairu

Yau sabunta BIOS ne, kuma shi ne matakin da ya fi kowanne haɗari. Idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubuta shi, madabod na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Don haka ban yarda mu yi shi da wutar gari ba, ban kuma yarda da janareton shagon ba. Mun ɗauki kwamfutar a Keke zuwa gidan yayata a Hanwa, inda akwai sola da inbata, muka jira rana ta take batir ya cika.

Kafin komai na sa ƙanena ya haska tocilan a kusurwar madabod ya karanto mini sunansa harafi-harafi, da lambar bugunsa da aka rubuta ƙanana a gefe. Madabod biyu na iya yin suna kusan iri ɗaya amma BIOS ɗinsu daban, har ma suna ɗaya bugu daban. Da ya yi daidai da fayil ɗin da ke filashi, muka shiga BIOS da maɓallin Delete, muka zaɓi fayil, muka janye hannu. Allo ya yi baƙi, fanka ta tsaya ta sake tashi, ya kuma yin baƙi. Ƙanena ya miƙa hannu wajen maɓalli. Na ce, "Bari, aikinta take yi." Can sai ga tambari.

Akwai masu cewa in kwamfuta na tashi a ƙyale BIOS, kuma ga na'urar da ta daɗe tana aiki lafiya ina tare da su. Amma ga sabuwa fil, yanzu ne lokacin. A 2022 kamfanin AMD ya bayyana cewa sashen tsaro na fTPM yana sa wasu kwamfutocin Ryzen su riƙa ɗan sarƙewa jefi-jefi, har sauti ya yanke, kuma maganin ya zo ne a BIOS mai AGESA 1.2.0.7. Windows 11 kuwa ba ta hawa sai da TPM 2.0, sashen da ke ajiye makullan tsaro, kuma fTPM shi ne irinsa da ke cikin furosesar AMD, wato dole a kunna shi. Madabod da ya daɗe a kwali a kanti yana iya zuwa da BIOS da ya girmi gyaran.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Tun daga sigar 24H2, idan aka ɗora Windows 11 sabuwa aka shiga da asusun Microsoft, tana kulle SSD da BitLocker da kanta, kuma makullin a TPM yake ɗaure. Wanda ya bari sai bayan haka ya taɓa BIOS, yana iya wayar gari da shuɗin allo yana neman lambobi 48 na ceto. Yau babu komai a SSD ɗin, babu abin da za a yi asara.

Sabunta BIOS yana mayar da saituna yadda suka fito daga kamfani, shi ya sa sai bayansa muka saita su. Mun kunna fTPM, mun kashe CSM, tsohon salon tayar da kwamfuta, mun kunna Secure Boot, mai hana baƙuwar manhaja tayar da ita. RAM ɗin an rubuta 3200 a kwalinsa amma 2133 BIOS ke nunawa, sai da muka kunna XMP, saitin da ke ba RAM cikakken gudunsa, ya hau 3200. Sannan wani saiti da ba a cika kula da shi ba alhali a garinmu yana da muhimmanci: abin da kwamfuta za ta yi idan wuta ta dawo bayan an ɗauke. Na sa ta zauna a kashe. Sau da yawa wutar da ta dawo sai ta yi ta ƙyaftawa kafin ta tsaya, gara mutum ya kunna da hannunsa.

Talata, 13 ga Janairu

MemTest86 kawai. Mun tayar da kwamfutar daga filashinsa muka bar shi ya yi zagayensa huɗu, abin da ya cinye yinin. Babu kuskure ko ɗaya. RAM mai aibi yana gurɓata fayil tun ana rubuta shi, sai a yi ta zargin Windows ko bairos ana goge-goge. Kuma in da matsala, mai kanti ya fi saurin karɓar kayansa yanzu da rasit bai tsufa ba.

Laraba, 14 ga Janairu

Kafin ɗora Windows na zare wayar hadis ɗin 1TB, SSD kaɗai na bari. Idan faifai biyu ne a haɗe, wani lokaci mai ɗorawar yakan ajiye ɓangaren tayarwa a kan ɗayan, sai ranar da aka cire shi kwamfuta ta ƙi tashi a rasa dalili.

Ɗorawar kanta ba ta ɗauki lokaci ba. Inda na tsaya na natsu shi ne tambayoyin farko da mutane ke dannawa da gudu. Ƙasa, Nijeriya. Kibod kuwa sai da muka duba maɓallin 2: alamar @ ce a samansa, wato tsarin Amurka ne. Da tsarin Ingila muka zaɓa, duk mai son rubuta adireshin imel sai ya ga alamar zance ta fito masa. Daga baya na saita agogo a West Central Africa, awa ɗaya gaba da UTC.

Da ta nemi intanet, na haɗa wayata da kebul na USB na kunna raba intanet ta kebul. Wannan hanyar ba ta buƙatar wata direba daga waje, kuma tana fitar da mutum kunya idan Windows ba ta gane LAN ko Wi-Fi ba tukuna. Mun shiga da asusun Baffa, ba nawa ba, domin kwamfutarsa ce kuma a asusunsa ya kamata makullin ceto ya zauna. Na buɗe makullin na rubuta lambobin a takarda biyu, ƙanena ya karanta ina bi. Baffa ya naɗe ɗaya ya sa cikin jakar da yake ajiye takardun hayar shago, ɗayar ya ce gida za ta.

Da fuskar Windows ta bayyana na zare kebul ɗin wayar. Sauran gobe.

Alhamis, 15 ga Janairu

Na buɗe wa ƙanena Device Manager don ya ga halin da ake ciki kafin mu taɓa komai. Ga alamomin ruwan ɗorawa masu kusurwa uku a jere: PCI Encryption/Decryption Controller, SM Bus Controller, da wasu da ba su da suna ma. Ya ce, "Yaya, wai duk waɗannan sun lalace ne?" Babu abin da ya lalace. Windows ta ga akwai su, ba ta dai san yadda za ta yi da su ba.

Na nuna masa yadda ake gane mai kaya. A danna abin, a shiga Properties, sannan Details, a zaɓi Hardware Ids. Lambar da ke bin VEN ita ce ta kamfani: 1022 na AMD ne, 10EC na Realtek, 8086 na Intel, 10DE na Nvidia. Wadda ke bin DEV ita ce ta ainihin sashen. Wanda ya iya karanta wannan layin ba zai riƙa ɗora direba da ka ba. Namu duk 1022 suka nuna.

Cifset muka fara ɗorawa, domin ta hannunsa furosesa ke hulɗa da ramukan USB, da faifai, da sauran sassan madabod, kuma sarrafa wutar furosesar ma yana cikin wannan kunshin. Muka sake kunna kwamfutar, alamomin suka ɓace. Sai LAN, muka sake kunnawa. Na san sake kunnawa bayan kowace direba yana cin lokaci, amma wasu fayilolin ba sa kama aiki sai an yi hakan, kuma in wani abu ya karkace ka san wadda ta jawo.

Wani zai ce Windows 11 da kanta take nemo yawancin waɗannan in aka bar ta da intanet. Gaskiya ne, kuma sau da yawa abin yana tafiya daidai. Amma wannan shawarar ta fi dacewa da mai intanet marar iyaka da wutar da ba ta yankewa. Mu da ke ƙirga data, muna kuma duban batir, ya fi mana mu san abin da ya hau da sanda ya hau.

Da dare muka buɗe wa Windows Update hanya. Microsoft na fitar da gyare-gyaren wata-wata ranar Talata ta biyu, wadda ta kama shekaranjiya, don haka mun samu na wannan watan a tafi ɗaya. Ba a gamawa da dannawa guda: ta sauke, ta sake tashi, a sake dubawa, wasu su ƙara fitowa, har sai ta ce babu saura. Jerin direbobin da ke ƙarƙashin Optional updates ban taɓa su ba, tunda babu abin da ke ciwo. Da aka gama na kunna Metered connection, wanda ke sa Windows ta rage jan data a ɓoye da rana.

Asabar, 17 ga Janairu

Mun dawo da kwamfutar shago. Direbar hoto ce a gaba, kuma da gangan na bar ta sai bayan Windows Update, domin ita ma takan kawo tata direbar hoton. Gara ta gama nata, sannan mu ɗora sabuwar AMD a kai ta zama ita ce ta ƙarshe. Wajen ɗorawa na zaɓi direba zalla, ban da kayan 'yan wasan gem, waɗanda babu mai buƙatarsu a shagon buga takardu. Allon ya zauna a 1920 da 1080. Na duba saitin nuni na ga yana kan 60Hz alhali monitan na kai 75, na gyara.

Sauti kuwa yana fita ta baya, yana fita ta ramin gaba, na gwada da abin kunne. Na ƙyale direbar da Windows ta sa, ban ɗora wadda na sauko da ita ba. Haka manhajojin kamfanin madabod na canza launin fitilu da makamantansu, ban sa ko ɗaya ba. Ba duk abin da ke shafin kamfani ne wajibi ba, kuma kowace irin wannan manhajar tana tashi tare da kwamfuta tana cin RAM.

Wani abokin sana'a daga PZ ya biyo, ya ga ina bi ɗaya-ɗaya, ya zaro filashinsa mai kunshin direbobi da ke ɗora komai da dannawa guda. Na gode masa, ban karɓa ba. Na san amfaninsa ga mai tulin tsofaffin laftof a gabansa da babu intanet. Sai dai irin wannan kunshin yakan ɗora abin da ya yi kama da daidai, wani lokaci har da manhajojin talla da ba a nema ba, kuma ba ka san hannun da fayilolin suka bi ba. Direba tana aiki ne a can cikin zuciyar Windows, inda take da iko a kan komai. Ba wurin da zan shigar da abin da ban san asalinsa ba ne.

Na mayar da wayar hadis ɗin 1TB, na goge shi, na ba shi suna AYYUKA. Sannan na kunna System Protection, na ɗauki cikakken kwafin SSD ɗin zuwa hadis na waje ta Backup and Restore da ke Control Panel. Wannan kwafin shi ne kwamfutar a tsarkake: Windows da direbobi, babu komai bayansu. Baffa ya tsaya yana kallon layin yana tafiya, na yi masa bayani. Ya gyaɗa kai ya ce, "Wato kamar bugun kala ne. Ba a ɗora ta biyu sai ta farko ta zauna."

Litinin, 19 ga Janairu

Firintoci. Na ɗora direbar kowace tukuna, ban soka kebul ba sai da manhajar ta ce a soka, kamar yadda kamfanoni da yawa ke umarta. Mai tankin tawada ta ba da takardar gwaji lafiya, launuka sun fita. Ta lesa ma haka. A saitin kowace na tabbatar takarda A4 ce, mai milimita 210 da 297, ba Letter ta Amurka ba, wadda ta fi faɗi kaɗan ta kuma fi gajarta. Wannan ɗan bambancin ne ke sa ɗalibi ya karɓi furojet ya ga lambar shafi ta gudu ko gefen ɗauri ya matse.

Na tarar an soka firintar lesa a jikin UPS, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, tare da kwamfuta, na raba su. Abin da ke gasa hoda a kan takarda yana jan wuta mai yawa lokaci guda, ƙaramin UPS ba ya iya ɗauka. Kwamfuta da monita kaɗai ke kansa yanzu.

Sikana ce ta tsaya mana. Tsohuwa ce, tana aiki ƙalau, amma direbar da ke akwai tata ta 32-bit ce, Windows 11 kuwa 64-bit kaɗai ake yin ta. Baffa ya ce ba zai yar da abin da ke aiki ba, ni ma ban ga dalili ba. A yanzu ta zauna a jikin tsohuwar kwamfutar, wadda na cire daga intanet gaba ɗaya. Akwai manhajar VueScan ta kuɗi, wadda aka sani da tayar da tsofaffin sikana. Zan gwada ta gwajin in ga ko ta gane tamu.

Laraba, 21 ga Janairu

Yau ne ranar da Baffa ke jira, amma ko yau ɗin font suka riga CorelDRAW hawa. Idan aka buɗe tsohon aiki babu font ɗin da aka yi shi da shi, manhaja takan maye gurbinsa da wani, layuka su zame, sunan ango ya faɗo layi na biyu. In kuma aka adana a haka, an ɓata asalin. Na shiga foldar Fonts ta tsohuwar kwamfuta, muka zauna da Baffa yana nuna waɗanda yake aiki da su, muka bar tarkacen da suka taru shekara da shekaru. Wajen ɗorawa na danna dama na zaɓi Install for all users. In ba haka ba, asusun da ya ɗora ne kaɗai zai gan su, mu kuwa akwai asusu na biyu a gaba.

A nan aikin Hausa yake da nasa sha'ani. Fayilolin Baffa da dama, musamman na ɗaliban Hausa, an buga su ne da tsofaffin font irin su Rabi'at, waɗanda suka ari gurbin wasu haruffa ko alamomi suka zana masu ƙugiya a kai. Na buɗe ɗaya kafin in ɗora font ɗinsa don ƙanena ya gani: inda ya kamata a ga ƙasa sai ga qasa, ɗaya ta zama xaya. Da font ɗin ya hau, komai ya koma daidai. Dole mu riƙe su saboda tsofaffin ayyuka. Amma sabon aiki na roƙi Baffa a riƙa yin sa da haruffan Unicode, waɗanda ɓ, ɗ da ƙ suke da gurbinsu na kansu, ko a waya aka tura ba sa canzawa. Na ƙara kibod ɗin Hausa a saitin harshe, ana juyawa tsakaninsa da na Turanci da maɓallin Windows da Space. Na kuma sa Charis da Andika na SIL, domin ba kowane font ne ke da masu ƙugiya ba. A Zariya, garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, bai dace shagon ɗab'i ya fitar da Hausa babu ƙugiya ba.

Saboda malaman Islamiyya da masu kawo waƙoƙin ajami, na ɗora Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun hannu na ƙasar Kano, da Harmattan, wanda aka yi domin ajamin Afirka ta Yamma. Baffa ya sa na buga layi guda da Alkalami a babban girma, ya ɗaga takardar ya daɗe yana dubawa, ya ce a ajiye masa ita zai nuna wa wani malami.

Daga nan sauran suka bi da sauri: 7-Zip, burauza, mai buɗe PDF, Office, sannan CorelDRAW da lasisinsa. Kan lasisin mun yi doguwar magana tun kafin a sayi ƙarfe. Kowa ya san ana yawo da fasassun manhajoji, kuma sharaɗinsu na farko shi ne a kashe mai gadin kwamfuta kafin a ɗora. Na'urar da ke riƙe da ayyukan mutane da imel ɗin shago ba za a yi mata haka ba. Inda kuɗi bai kai ba akwai na kyauta na halal: LibreOffice, Inkscape, Scribus, GIMP. Na sa Inkscape da GIMP don ƙanena ya koya.

Na tuna wa Baffa abu biyu game da sabon CorelDRAW. Tsohuwar siga ba ta buɗe fayil ɗin sabuwa, don haka in zai kai aiki wurin masu babban inji a Sabon Gari sai ya adana a sigar da suke da ita. Kuma ya mayar da rubutu zane da Ctrl da Q kafin ya tura, a kwafi daban, don kada rashin font a can ya ɓata aikin.

Asabar, 24 ga Janairu

Tsofaffin ayyuka sun ƙaura zuwa AYYUKA, bayan Microsoft Defender ya bi su kaf. Ban ƙara wani mai gadi a kansa ba, biyu a wuri ɗaya sai su riƙa karo da juna.

Babbar ƙofar cuta a irin wannan shagon filashin kwastomomi ce, wanda ya zaga shaguna da dama kafin ya iso. Na buɗe asusu na biyu marar ikon ɗora manhaja, shi yaran shago za su riƙa shiga, kalmar sirrin babban asusun kuma tana wurin Baffa. Na kashe AutoPlay, wanda ke buɗe filashi da kansa da an soka shi. Na sa Windows ta riƙa nuna ƙarshen sunan fayil, na kuma nuna wa yaran filashin wani ɗalibi da aka kawo jiya: foldojinsa duk sun koma masu 'yar kibiya a kusurwa, alamar bairos ɗin nan da ke ɓoye na gaskiya ya ajiye na bogi. Na ce duk wanda ya ga haka kada ya danna, ya kira Baffa. Fast Startup ma na kashe, don in an kashe kwamfutar ta mutu gaba ɗaya.

Na ɗauki kwafi na biyu, wannan karon da firintoci da font da manhajoji duka. Na farkon yana nan ban goge ba.

VueScan ta gwaji ta gane sikanar, hoton ya fito da tambarin gwaji a kansa kamar yadda aka saba. Baffa zai auna kuɗin lasisin da na sabuwar sikana ya yanke shawara. Ƙura kuma ta riga ta fara kwanciya a ragar gaban akwatin, don haka na sa kafinta ya yi ɗan benci a ɗaga shi daga ƙasa, zai kawo ranar Talata. Litinin da safe za mu buɗe fayil ɗin jadawalin azumin bara, mu ga ko layukan Larabcin da teburin lokutan sun zauna yadda suke, kafin masu aikin bana su fara zuwa.